Gefen Da Maidaji Ya Faɗi

Alhaji Maidaji yana da wata ɗabi'a da 'yan kasuwar Tianxiu ta birnin Guangzhou suka yi wa dariya har suka gaji. Ranar Lahadi, in kowa ya kwanta huce gajiyar kasuwa, shi sai ya rataya 'yar jakarsa ya tafi neman inda iyakar gundumomi uku ta haɗu. Kafin ya shiga harkar tura kaya daga Guangzhou zuwa Kano, shekara goma sha biyu ya yi yana ja wa 'yan safiyo igiyar awo, abin kuma bai sake shi ba. A nan Guangzhou ya tarar akan kafa dutse mai fuska uku a irin wannan wuri, kowace fuska da sunan gundumarta da jan fenti. Ya riga ya je tara.

Babayo bai taɓa ganin amfanin abin ba. Shi mai saro kayan sawa ne a kasuwar Shisanhang, ba mai son magana ba, ba mai son yawo ba. Amma Maidaji ne ya tarbe shi a filin jirgi shekara huɗu da suka wuce, ya ba shi katifa a ɗakinsa na unguwar Sanyuanli. Da dattijon ya ce ya raka shi na goma, bai iya cewa a'a ba. Alidu, wani mutumin zangon Kumasi mai ɗan jin Sinanci, ya biyo su don ya samu abin ba da labari.

Jirgin ƙasa ya kai su ƙarshen layi, tasi ta ajiye su a bakin wani lambu, sauran kuma ƙafa ce, hawan tudu cikin zafi mai ɗanko.

"Alhaji, in mun je dutsen nan abinci yake rabawa?" in ji Alidu yana haki.

"Hankali yake rabawa. Shi ya sa na taho da kai."

Dutsen bai kai ƙugun mutum ba. Maidaji ya tsuguna ya share masa ciyawa da hannu kamar wanda ya tarar da ɗan uwa. Ya miƙe, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, fuskarsa fal murna.

"Babayo, fito da wayarka. Zan zagaye shi. Taku uku, gari uku. Ko mai jirgi bai isa ba."

Babayo ya fito da wayar. Sai ga saƙon wani mai shago a Kwari yana faɗa a kan launin riguna. Ya sunkuya yana ba shi amsa. Alidu ya juya baya yana neman inuwa. Ƙarar faɗuwar Maidaji kawai suka ji.

Suka yi kansa. Alidu ya yayyafa masa ruwa, Babayo ya tallafo kansa yana karanta masa kalmar shahada. Leɓen Maidaji ya motsa sau biyu. Shi ke nan.

Suka yi ta salati. Sannan suka yi abin da aka koya musu tun suna yara. Babayo ya shafe masa ido. Ba a barin mamaci a rana ƙafa a lanƙwashe, don haka suka ɗauke shi zuwa gindin wata bishiya, suka miƙar da shi, suka kwantar da shi ta dama yana kallon alƙibla. Alidu ya cire rawanin da yake kare rana da shi ya ɗaure masa haɓa. Babayo ya lulluɓe shi da sallaya. Bayan nan ne suka kira motar asibiti, suka kira limamin da yake tsaya wa baƙi Musulmi a kan irin wannan.

Liman ya ce, "Ku dai samo takardar wurin da ya rasu. In tana hannu, da yardar Allah ba zai daɗe ba za mu kai shi makwancinsa. In babu ita, ba abin da zan iya."

Likita ya zo ya duba, ya girgiza kai, ya ce nasu aikin ya ƙare. Ɗan sanda ya iso a babur, matashi mai ladabi. Ya dubi gawar, ya dubi dutsen, ya yi tambaya.

"Wai a ina ya faɗi," in ji Alidu.

"A nan mana."

"Wai ta wace fuskar."

Babayo ya dubi wurin. Ciyawar duk sun tattake ta, ruwan da suka zubar ya bushe. Ya san dai kan Maidaji yana kusa da dutsen. Ƙafafun fa? Ya rufe ido ya nemo, bai ga komai ba sai saƙon riguna.

Ɗan sandan ya yi waya. Kafin azahar ta wuce 'yan sandan sun zama uku, kowa daga gundumarsa, kowa da takardunsa. Ba wanda ya ɗaga murya. Ɗaya ma ya miƙa musu ruwan gora. Babbansu, mai furfura a gefen kai, ya yi dogon bayani, Alidu yana kamo abin da ya iya. Sinancinsa na kwali ne da farashi, bai taɓa buƙatar kalmomin mutuwa ba.

"Wai gefen da ya faɗi, su ne masu rubuta takarda. Bishiyar da muka kai shi ba ta cikin lissafi. Wai me ya sa muka taɓa shi."

"Ka ce masa haka ake yi."

"Na ce."

"Me ya ce?"

"Ya ce su ba haka suke yi ba."

Mai furfurar ya nuna wayar Babayo, ya kwatanta ɗaukar hoto da yatsa. Babayo ya buɗe masa. Hoton ƙarshe na wasu riguna ne shuɗaye a cikin leda.

"Meyo," in ji Babayo. Babu. Kalmar da masu shago suke korarsa da ita kullum.

Alidu ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Ɗan'uwa, nuna musu ko'ina. Ƙasar Allah ce duka. In muka tsaya gaskiya, firji za su sa Alhaji."

Kafin Babayo ya amsa aka raba su. Aka ja Alidu can bakin hanya, shi kuma aka tsayar da shi gaban dutsen, mai furfura ya sa wayarsa tana juya magana zuwa Turanci. Ka nuna inda ya faɗi. Babayo ya dubi sallayar da ke gindin bishiya. Ƙudaje sun fara sauka a kanta. Ya ɗaga hannu ya nuna fuskar da take kallon lambu. Aka rubuta, ya sa hannu.

Aka dawo da Alidu, aka mayar da Babayo gefe inda yake hango su. Yana gani aka yi wa Alidu tambayar. Yana gani Alidu ya ɗaga hannu ba ko shakka, ya nuna fuskar da take kallon tudu.

Mai furfurar ya dubi takardu biyun ya daɗe. Da ya ɗago, ladabin yana nan, amma kallon ya sake. Ya karɓi fasfo ɗinsu. Wayar ta juya abin da ya ce, Babayo ya karanta sau biyu. Shaidu sun saɓa. An motsa gawa. Za a kai ta bincike don a san dalilin mutuwa.

"Binciken me? Yanka shi za su yi?" in ji Babayo. "Alidu, tambaye shi. Kwana nawa?"

Alidu ya tambaya. "Lawban, don Allah," ya ƙara, yana kiransa maigida kamar a shago.

"Wai bai sani ba. Sai an fara tantance gefen."

"Ka ce masa ƙarya muka yi. Ka ce ba mu gani ba, tsoro ne."

"Na faɗa, Babayo. Ya rubuta wannan ma."

Bayan la'asar wata farar mota ta tsaya a ƙasan tudun. Mutum biyu masu safar hannu suka hawo da jaka mai zif. Suka yaye sallayar, suka ninke ta da kyau, suka miƙa wa Babayo. Da suka kai hannu za su kwance ɗaurin haɓar, Babayo ya yi taku ɗaya, ɗan sandan farko ya dafa masa kafaɗa a hankali. Ya tsaya. Suka juya Maidaji rigingine, suka ja zif.

An sa Babayo da Alidu a bayan wata motar za a kai su rubuta bayani. A hanya wayar Babayo ta yi ƙara. Hajiya Rekiya ce, matar Maidaji, daga Kano. Liman ya riga ya sanar da gida. Ba kuka take yi ba, muryarta a daidai take, abin da ya fi kukan wuya.

"Babayo, an ce a hannunka ya cika."

"A hannuna, Hajiya. Ya samu kalma."

"Alhamdu lillahi. To gidan ya cika da mutane, malamai na tambaya. Yaushe za ku yi masa sutura? Yau ko gobe?"

Babayo ya dubi Alidu. Alidu ya kifa kai a gwiwa. Farar motar da ke gabansu ta sa sigina, ta ɗauki wata hanyar da ba tasu ba, ba kuma wanda ya gaya musu inda ta nufa.

"Babayo? Kana jina?"

"Ina jin ki, Hajiya."

"To me zan ce musu?"

"Ki ce su jira," ya ce.