Maganin da Kitione Ya Kawo

Kitione na riƙe da keken asibiti, mahaifinsa Lopeti na zaune a ciki, matar da ke kula da abincin marasa lafiya kuma tana ta zuba Turanci. Tsohon ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Likita ya ce ba zai yi masa aikin hanji ba sai ya yi ƙiba. In bai yi ba, sai dai a zauna da shi a gida a jira.

Turancin Kitione na gonar inabi ne. Da girmansa ya baro ƙasarsu Tonga, ya daɗe yana tsinkar inabi a garin Griffith, yanzu yana mirgina ganguna a wani kamfanin giya. Duk maganar matar ta wuce shi, sai kalma ɗaya da ya cafke.

"Fortified?" ya tambaya.

"Ƙwarai," in ji ta. "Ƙaramin kofi, safe da yamma. Shi zai sa masa ƙarfi."

Ya san kalmar. Ita ake kiran gangunan da ke ƙuryar sito da ita, jar giya mai zaƙi wadda aka ƙara wa ƙarfi. Ya dubi matar, bai ga wasa a fuskarta ba. Bai ƙara tambaya ba, don wanda ya cika tambaya a asibiti sai a fara ɗaga masa murya kamar kurma.

Ya ajiye tsohon a gida, ya wuce wurin aiki. Rocco, shugaban sito, jikan 'yan Italiya, ya saurare shi yana sosa tumbi.

"Sai yau likitoci suka waye? Kakana kullum sai ya sha kofi ɗaya, likitocinsa biyu ya raka makabarta. Amma babanka ba mai wa'azi ba ne?"

"Shi ne. Bai taɓa sa giya a baki ba."

"To ka ce masa magani ne. Ai ba ƙarya ka yi ba."

Rocco ya cika masa kwalba marar tambari.

Da la'asar Kitione ya zuba a ƙaramin kofi ya miƙa. Lopeti ya shanye, ya dafe ƙirji.

"Yana da zafi."

"Aikinsa ke nan, Baba."

Can sai tsohon ya ce a kawo abinci. Mutumin da ya daɗe yana ture kwano ya cinye gwaza da naman tunkiya dafaffe cikin madarar kwakwa, ya lashe yatsu, ya kama waƙar coci da muryar da aka manta yana da ita.

Ana cikin haka Lesieli ta iso daga Sydney. Ita ce babbar 'yar Lopeti, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma a gidan ba namijin da ke ja da maganarta. Ta rungumi uban, ta ɗauki kofin ta shinshina, ta kira Kitione bayan gida wurin igiyar shanya.

"Me ka ba shi?"

"Abin da aka ce a asibiti. Fortified."

"Fortified me?"

Ya sosa ƙeya, ta ci gaba.

"Ba sunan abin sha ba ne, sakarai. Duk abin da aka ƙara wa ƙarfi haka ake ce masa, ko fulawa ce, ko gari mai ganuwa. Madara take nufi, a dama mata garin madara ta yi kauri."

"Ni a ganga na san ta."

"Kai ai komai a ganga ka san shi. Ka duba ƙwayoyin da yake sha kuwa?"

"Ya ci abinci, Yaya."

Ta leƙa ta taga, ta ga kwanon fes. Su biyun sun san halin Lopeti. Ya taɓa sauke shugaban mawaƙan coci saboda gwangwanin giya ɗaya. In ya ji abin da ya shiga cikinsa, azumin tuba zai ɗauka, kuma babu naman jikin da zai yi azumi da shi.

Suka koma ciki, suka tarar ya gama waƙa yana murmushi.

"Ranar Lahadi zan tsaya gaban jama'a in ba da shaida," in ji shi. "Akwai tsofaffi da yawa da ba sa cin abinci. Kitione, me ka ce sunan maganin?"

Rabin mazan cocin a sito ɗaya suke aiki da Kitione. Ya buɗe baki, Lesieli ta riga shi.

"Na gwaji ne, Baba, an hana faɗin sunansa. Kuma likita ya bugo waya, ya ce an canza maka wani."

Ta shiga kicin ta dama madara mai kauri, ta ajiye masa. Tsohon ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska.

"Wannan na jarirai ne. Ina na ɗazu?"

"Ya ƙare. Ka shanye wannan, jibi ma za ka hau sikeli."

Ya dubi ɗansa, ɗan ya dubi bango. Lesieli ta ja kujera ta zauna a gabansa ta harɗe hannu. Lopeti ya ɗaga kofin, ya fara sha a hankali.