Tukunyar Obrad da Furen Marigayi

Magana ɗaya Milunka ta faɗa wa mijinta Obrad a waya, kuma ba ta sauya ta ba: ba za ta kawo jaririya gidan da ake kwana da hula da safa ba. Tun da ta haihu tana wajen iyayenta a cikin gari, inda ɗumi ke shigowa ta bututun hukuma, ba ruwan kowa da tukunya. Obrad kuwa yana ƙauye da mahaifiyarsa, Inna Leposava. Abin da ya sani na 'yarsa bai wuce ɗan hancin da ya hango a cikin bargo ba.

Tukunyar ɗumama gidan tana rataye a bangon kicin. Aikinta ta dafa ruwa, ta tura shi cikin bututu ya zaga lagireton kowane ɗaki, wato ƙarfen da ke fitar da ɗumi, ya dawo. A goshinta akwai ɗan agogo mai allura ɗaya da ke nuna ƙarfin ruwan ciki. Obrad zai buɗe ɗan famfon ƙasa ya ƙara ruwa har allura ta hau kore, ya kunna. Da ruwa ya ɗau zafi sai allurar ta yi ta hawa har ta taɓa ja, can a ji tukunya ta ja tsaki. Kafin gari ya waye allura ta kwanta, tukunya ta mutu, man gyaɗa ma ya daskare a kwalba.

Ruwa dai fita yake yi. Ta ina, shi ne Obrad bai sani ba.

Ya bi lagireto ɗaya bayan ɗaya da ɗan makulli yana fitar da iska, suna yi masa huci. Ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙarƙashin kowace mahaɗar bututu, da safe ya same su a bushe ƙamas. Ya kifa kofin gilashi a kan tayil ya manna kunne, bai ji komai ba sai kukan cikinsa. Daga nan ya barbaɗe gidan kaf da fulawa, wai duk inda ya jiƙe zai nuna. Abin da fulawar ta nuna shi ne kyanwa na hawa teburin abinci, kuma Inna Leposava na zuwa wajen kwalbar zuma fiye da yadda take faɗa.

Ita Inna hankalinta ba ya kan tukunya. A gindin bangon kicin, ta waje, akwai wani tsohon itacen furen wardi da bai taɓa yin fure ba tun da aka dasa shi. A wannan hunturun, dusar ƙanƙara har gwiwa, sai ga ƙasa ta narke a kewayensa kamar an kifa faranti, ganye ya fito kore shar, ga fure ɗaya ja a kai. Maƙwabciyarsu Desanka ce ta fara gani. Ta yi alamar gicciye, ta ce ai wannan saƙo ne daga marigayi Vidoje, mahaifin Obrad. Kafin sati ya zagayo matan ƙauyen sun fitar da hanya a cikin ƙanƙara. Aka jingina hoton marigayin da bango, aka jera kyandirori, wata ma ta kawo akuyarta mai tari.

"Obrad, ɗan albarka," in ji Desanka ta taga, ta same shi yana rarrafe, fari fat da fulawa. "Kwabo ka yar ne? Tashi ka ɗora mana gahawa, ubanka na da baƙi."

Ya tashi ya ɗora. Obrad mutum ne da bai iya musu ba.

Ranar da ya yanke shawarar fasa tayil ɗin falo, har ya ɗaga guduma, sai ga Kawu Sreten mai gyaran famfo, abokin marigayin, ya shigo yana kakkaɓe takalmi. Milunka ce ta turo shi.

"Ajiye gudumar nan, ɗan Vidoje. Ubanka bai taɓa gyara komai ba, amma dai bai fasa ba."

"Kawu, a ƙarƙashin nan ruwan ke tafiya. Babu inda ya rage."

"Ka tambayi tukunyar?"

"Ba ta magana."

"Kai ne ba ka gaishe ta ba."

Kawu Sreten ya sha gahawarsa tukuna, ya lashi cokalin zuma, sannan ya cire murfin tukunyar. A bayanta akwai wata jar gora ta ƙarfe. Ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ta amsa da ƙyar, dum, kamar kankana. A kanta akwai bawul irin na tayar keke. Ya danna shi da farce, ko fis bai yi ba.

"Ka ji? Shiru. Ruwa in ya ji wuta kumbura yake yi, kamar surukata in ba a gaishe ta ba. Gorar nan rabinta iska ce a bayan wata roba, nan ruwan ke samun wurin miƙe ƙafa. Iskarka ta gudu. Ruwa ya kumbura, babu wurin zuwa, sai wancan bawul mai jan kai ya buɗe ya tofar da shi waje, don kada tukunya ta fashe da kai."

"Waje ina, Kawu?"

"Bi bututun mana. Ni ma baƙo ne."

Siririn bututu ne, ya sauka ta bayan kabad ya huda bango. Suka fita suka zaga. Mata uku na tsaye suna addu'a ƙasa-ƙasa, Inna Leposava na zaune a kan kujera ta lulluɓa da bargo. Kawu Sreten ya cire hula ya durƙusa kamar mai neman albarka, ya ɗan karkata hoton Vidoje. Ga bakin bututun nan a bayan hoton, yana ɗiga a hankali, tururi na tashi, ruwan na bin bango zuwa saiwar wardi.

Ya mayar da hoton daidai. Ya ce, "Allah ya ji ƙanka, Vidoje." Matan suka amsa.

Da suka koma kicin ya rufe ƙofa.

"Gyaran ba wuya. A kashe tukunya, a sauke ruwan, a samo famfon keke a busa wa gorar iska. Robar ba ta huje ba, da ta huje da ruwa za ka gani a bawul. Amma ni ba zan busa ba."

"Don me, Kawu?"

"Matata ce mai jan ɗankwalin can. Gwiwarta ta warke tun da ta fara zuwa. Kana so in ci abincin dare a gareji har bazara?"

Ya kashe tukunyar, ya sauke ruwan, ya nuna wa Obrad inda zai tsaya da busawa, ya ɗauki jakarsa ya fita ta ƙofar gaba.

Obrad ya ɗauko famfon keken mahaifinsa ya zauna da shi a cinya. Ta taga yana hango ƙeyar Inna. Tun rasuwar Vidoje ba ta zauna wuri ɗaya haka ba, ba ta kuma ci abinci kamar na kwanakin nan ba. In ya busa, fure ya mutu. In bai busa ba, 'yarsa za ta yi haƙori a gidan kakanta. Ya kira Milunka don ya ji ko za a yi sassauci. Sai ta kara wayar a bakin jaririyar. Ya ji ɗan numfashi, sannan shaƙuwa.

Ya maƙala famfon ya fara busawa, a hankali, yana tari duk lokacin da famfon ya yi ƙara, don kada matan su ji.

Allura ta hau kore ta zauna. Ruwa ya yi zafi, ta ɗan motsa kaɗan ta tsaya. Washegari tana nan, jibi ma tana nan. Inna ta cire hula, kyanwa ta miƙe a kan lagireto kamar an shanya ta. A waje kuwa farantin nan na ƙasa ya fara tsukewa, furen ya sunkuyar da kai.

Da sassafe Obrad ya cika buta da ruwan ɗumi, ya lallaɓa ya zaga gindin wardi. Yana cikin tsiyayawa ya ji muryar Inna a bayansa.

"Shayi kake ba shi?"

Ya rasa inda zai sa butar. "Inna, dama… bututu ne. Na tukunya. Ni na tsayar da shi."

"Na sani. Wa kake tsammani ya jingina hoton a wurin? Don kada Desanka ta gani ne, ta ji kunya." Ta gyara bargonta. "Ubanka bai taɓa ba ni fure ba, ko na kabewa. Da ya mutu ne zai koya?"

"To me kike zuwa yi kullum?"

"Ɗigon nake saurare. Tun da aka kawo ni gidan nan famfon kicin ke ɗiga. In na yi magana ya ce gobe. Da wannan ɗigon na yi barci, da shi na yaye ka. Muna dawowa daga binne shi, kai da ƙwazonka ka ɗauko sifana ka ɗaure. Gidan ya yi tsit." Ta dubi bakin bututun da ya bushe. "Da na ji wannan, sai na ce to, ga shi can ya sami wani abin da zai ƙi gyarawa."

Obrad ya tsiyaye sauran ruwan, ya ajiye butar. Sannan ya shiga ciki ya ɗauko sifana. Ya tsaya a gaban famfon kicin, ya sassauta shi kaɗan, ya saurara, ya ƙara kaɗan. Ya sa kwanon silba a ƙasa, don a ji daga ɗakin Inna.

Ranar Lahadi Milunka ta iso. Ta taɓa lagireton falo, ta taɓa na ɗaki, ta je ta dubi allura da idonta. Sannan ta cire wa jaririyar hula. Ashe gashi ne da ita cunkus, da kunnuwa irin na Vidoje. Obrad ya karɓe ta, ya ƙi zama, ya ƙi motsi.

Milunka ta karkata kai wajen kicin.

"Obrad, famfon nan ɗiga yake yi."

"Gobe," in ji shi.

Inna Leposava ta miƙa hannu ta jawo kwalbar zuma.