Furfurar Goshi

Jucélia na cikin kwaɓa baƙin rini a roba Dona Heloísa ta turo ƙofar shagon gyaran gashin, jaka a kafaɗa, tana janye da wata 'yar yarinya.

"Ju, ajiye abin da kike yi. Gobe bikin cikarta shekara huɗu, dangin babanta kaf za su zo, ni kuwa ba zan tsaya amsa tambayoyi ba."

Shekara uku ke nan duk ranar Asabar Jucélia ke wanke wa matar nan kai a wannan shago na unguwar masu hali a birnin Recife na ƙasar Brazil, amma ba ta taɓa ganin 'yar ba sai a hoto, kullum da faffaɗan ƙyalle a goshi. Labarinta kuwa ta sha shi har ya gundure ta. Kullum faɗi take, 'yarta Maitê jininta ce tsantsa, Maitê ta ɗauko hancin kakarta. Idan an gama wannan sai a juyo kanta. "Ke ai kin huta, Ju, ba ki san naƙuda ba. Wasu matan dama don hidimar 'ya'yan wasu aka yi su." A gaban mutane take faɗa, tana dariya, Jucélia kuwa ta haɗiye ta ci gaba da cuɗa kai. Wallahi ta tsani matar nan.

Ta ɗaga yarinyar ta ɗora a kujera, ta kwance ƙyallen. Sai hannunta ya tsaya cak.

A tsakiyar goshin, daga tushe har ƙarshe, wani tsagin gashi ne fari fat, faɗin yatsu biyu. Irin na mahaifiyar Jucélia. Irin na kakarta mai sayar da kifi a bakin teku. Irin wanda ita kanta take shafe wa da rini duk bayan mako biyu tun tana 'yar shekara goma sha biyu, saboda tsokanar 'yan makaranta.

Shekara biyar da suka wuce ta je wani asibitin neman haihuwa da ke bayan babbar kasuwa. Ba ta da ƙarfin biyan kuɗin aikin, sai suka nuna mata hanyar da marasa ƙarfi ke bi: a raba ƙwayayen haihuwa da aka ciro mata gida biyu, rabi nata, rabi na wata mai hali wadda za ta ɗauki nauyin maganin. Goma sha biyu aka samu, shida-shida. Ta sa hannu a takarda cewa ba za su taɓa sanin juna ba. An tambaye ta cututtukan gidansu, ba ta ambaci furfura ba, don ai ba ciwo ba ce. Sau biyu aka dasa mata nata, sau biyu suka bi jini. Da ta tambayi likita labarin sauran shidan, sai ya rufe fayil ya ce doka ta hana. Wannan asibitin dai Dona Heloísa ta taɓa ambata a nan kan kujerar. "Ɗan taimako kawai suka yi min, amma ƙwan nawa ne, mijina ma ya sani."

"Me kike kallo?" in ji Dona Heloísa. "Tabo ne, likita ya ce ba komai. Rufe min shi. Ya yi kama da na 'yan bakin teku."

Jucélia ta waiga. Ga Neide mai shago tana yanke wa wata farce, ga mata biyu a zaune da ba sa barin magana ta huce. Kalma ɗaya ta isa, kafin la'asar unguwar ta ɗauka. Ta buɗe baki.

"Anti, zai yi zafi?" in ji yarinyar, tana kallonta ta madubi.

Jucélia ta rufe bakin. Ta cire safar hannu, ta sa mataji ta taje farin gashin a hankali, ta kitse shi siriri ta kwantar a gefen kunne. Gashin har laushinsa irin na uwar Jucélia ne.

"Ba abin da zai yi zafi, 'yata. Ba a sa wa yara rini. Dubi yadda kika yi kyau."

"Kin kurumce ne? Na ce ki rufe shi!"

"Dona Heloísa, zo ki duba min wani abu a wajen wankin kai."

Matar ta biyo ta bayan labule tana tsaki. Jucélia ta tsaya ƙarƙashin fitila, ta sunkuyar da kai, ta sa yatsu ta tsaga gashin goshinta. Kwana goma sha uku rabonta da rini. Tushen ya fito fari fat, faɗin yatsu biyu.

"Shida-shida," ta ce a hankali. "Nawa ba su zauna ba."

Jakar ta zame daga kafaɗar Dona Heloísa ta faɗi cikin ruwan sabulu, ba ta ko kalle ta ba.

"Kin sa hannu," ta ce. "Akwai doka. Sai na sa an ɗaure ki."

"Me na faɗa? Sunan wa na kira? Kaina na nuna miki, kai kuwa nawa ne."

"Ju, don Allah. Mijina bai sani ba. Uwarsa ma ... me kike so?"

Jucélia ta ɗan dakata, don ta ji daɗin wannan "don Allah" ɗin sosai, shekara uku tana jiransa.

"Ranar Asabar ƙarfe goma, kamar kullum. Ki zo da ita, ba ƙyalle. Ranar da kika fasa, ni zan zo gaishe ku a gida."

Ta fito ta ɗauki robar rinin da ta kwaɓa, ta juye a magudana ta sakar masa ruwa.

"Ke Ju, ba naki ba ne wannan?" in ji Neide. "Kika ce yau za ki shafa."

"Na daina," in ji Jucélia. Ta miƙa wa yarinyar alewa, ta kalli uwar ta madubi. "Bari in bar shi ya fito, kowa ya gani."