Inda Ake Sa Hannu

Tun da Ottmar ya auri Irmtraud bai taɓa cike takardar haraji ba. Shi dai a bar shi da inabinsa, hawa tudu da sauka a bakin kogin Mosel na ƙasar Jamus. Duk bazara takan ajiye masa takarda kusa da kofi, ta ɗora yatsa ta ce, "Nan, tsoho." Sai ya rattaba hannu ko dubawa babu, ya fice gona.

Da ciwon mantuwa ya kama ta, al'adar ba ta sake ta ba. Tana ajiyewa, yana sa hannu. Sai da aka kira shi ofishin haraji ya gano ashe shekarun nan takardun tallan taki yake ta sa wa hannu, bawan Allah.

"Baba, a haɗe kuke biya, don haka nauyin yana kanku ku biyu," in ji ma'aikaciyar. "Da muka ji shiru sai muka yi ƙiyasi, kuma ya yi yawa. In ba a kawo na gaskiya ba, gonar za a taɓa."

Gonar mahaifin Irmtraud ce, kuma gonar ce kaɗai ta rage da take ganewa ba sai an tuna mata ba.

Ya baje takardu a teburin kicin, ya wuni yana gumi. Layi bayan layi, kowanne da tarkonsa. Mamaki ya kama shi har da tsoro: wannan dutsen matar nan take ɗauka ita kaɗai tun aurensu, shi yana shan kofi?

Ta zo ta tsaya a kansa, ita da ɗazu da safe ta tambaye shi sunansa. Ta daɗe tana kallo, sannan yatsan nan ya sauka.

"Shekarar da ƙanƙara ta kashe inabi fa? Asara ce, ana cirewa. Kai dai har yanzu ba ka iya komai ba."

Ya jawo biro. Ya lissafa, ya ga gonar ta tsira.

Washegari ya ajiye takardar kusa da kofinta, ya ɗora yatsa. "Nan, tsohuwa."

Ta harare shi, ta jawo tabarau.

"Wane sakarai ne ke sa hannu bai karanta ba?"