Sabulu a Gindin Tanki

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Mai'adua, kuma tun asuba ake sheƙa ruwa a Daura kamar da bakin ƙwarya. Harisu na kwance ƙarƙashin tsohuwar akori-kurar da mahaifinsu ya bari, yana murza sabulun wanki a gindin tanki, inda tsatsa ta huda. Kowane direba ya san fetur ba ya narkar da sabulu.

Yayansa Sada ya leƙo daga zaure.

"Na gaya maka, in ta sake mutuwa a hanya, 'yan gwangwan za su zo su auna ta."

"Ba za ta mutu ba, Yaya."

"Haka ka ce wancan karon."

Harisu ya fito daga ƙarƙashin motar. Ya sha mai, ya ɗauki Inna Kyauta mai sayar da awaki, ita a gaba, awakin a baya. Da suka fita gari suka tarar ruwa ya cika wani kwari, masu babur sun yi cirko-cirko suna jiran ya janye. Harisu ya danna hancin motar ciki, ya haye yana yi musu dariya. Ya manta abin da ya gagari fetur bai gagari ruwa ba.

Ba su yi nisa ba motar ta yi tari, ta yi shiru. Inna Kyauta ta sauko, ta duƙa.

"Ɗan nan, wanka motarka ta yi? Ga kumfa nan har da ƙamshi."

Man duk ya tsiyaye a kwalta. Masu babur kuwa ba su iya riƙe labari ba. Kafin hantsi sai ga Sada, ya goyo Ɗanbaba mai sayen gwangwan a babur, da sikelinsa a rataye.

"Ba ni makulli," in ji Sada.

Harisu ya ɗauki sifana ya koma ƙarƙashin motar, cikin taɓo. Ya daɗe yana fama da notuna, sannan ya jawo tankin ya wurgar a gaban Ɗanbaba.

"Malam Ɗanbaba, ga wanda ya mutu. Auna shi."

Ya tsallaka titi wurin wani ɗan bumburutu, ya sayi mai har da jarkar. Ya ɗaure ta a saman motar da igiyar akuya, ya zura tiyo, ya zuƙa da baki sai da fetur ya ƙware shi. Ya tofar, ya haɗa tiyon da inji.

"Kai, Harisu! Motar Baba ka mayar majinyaciya, ana yi mata ƙarin ruwa?"

"Majinyaci ai ba gawa ba ne, Yaya. In da rai, ba a aunawa."

"Wuta za ka ɗauka, mai taurin kan tsiya."

"Ni dai a sauke min awakina, na hau babur," in ji Inna Kyauta. "Ban shirya zama balangu ba."

Harisu ya murɗa makulli. Motar ta yi gurnani, ta yi tari, ta kama. Ya ja ta ya bar su tsaye cikin hayaƙi.

A ranar ya rasa tanki ɗaya, da lita goma na fetur, da cinikin Inna Kyauta, da akuya ɗaya da ta tsere bayan an kwance igiyarta. Sada kuma ya daina amsa gaisuwarsa.