Inda Jijiyar Ta Bi

Hansatu ta gane shi tun kafin ta duba katinsa. Sallau ne, ya tsufa ya rame, hannunsa na dama ya kumbura suntum. Ƙayar kifin ƙurungu ce ta soke shi sati biyu da suka wuce, ya tsaya yi wa kansa magani, da yake shi ma gani yake likita ne, har wurin ya ruɓe. Likitan ƙaramin asibitin da take aiki a Warra ya rubuta masa allura a ɗuwawu, safe da yamma, kwana biyar.

Shekara goma sha takwas ke nan tana jiran mutumin nan. A lokacin shi ke bin ƙauyukan bakin tafki a kwale-kwale da jakar magunguna, ba takardar komai, sai baki da farar riga. Zazzaɓi ya kama ƙanwarta Mufida tana shekara biyar, aka kira shi. Hansatu ce ta danne mata ƙafafu, shi kuwa ya caka allurar a tsakiyar ɗuwawu yana hira da babansu. Tun daga ranar ƙafar hagun Mufida take jan ƙasa. Sallau ya ce iskokin ruwa ne, Inna ta yarda, aka yi ta hayaƙi da rubutu. Sai a makarantar jinya, ranar da malama ta zana musu babbar jijiyar da ke ratsa tsakiyar ɗuwawu ta sauka ƙafa ta ce kada allura ta kusance ta, Hansatu ta gane abin da ta taya shi yi. Ta fita bayan aji ta yi kuka har ta yi amai.

Ta ja labule. Ta karanta sunansa, ta duba sunan maganin da yawansa da ranar lalacewarsa, sau biyu, kamar yadda take yi wa kowa.

"Baba, allura ta taɓa ɓata maka jiki? Ƙaiƙayi ko kumburi?"

"Ko kusa, ɗiyata. Ai ni ma na yi aikinga."

"Na sani. Kwanta."

Ya kwanta rubda ciki, ya sassauta wando. Ta zuƙi maganin, ta ƙwanƙwasa sirinjin da farce har iskar ta fita. Zuciyarta na tafasa, hannunta kuwa ko gezau. Ta tsane shi, ba ta kuma jin kunyar hakan. Ta ɗora audugar sifirit a tsakiyar ɗuwawun, ta danna.

"Ka tuna Cindo mai taru? Ni ɗiyatai ce. Nan kac caka ma Mufida."

Jikin tsohon ya sandare. Ya yunƙura zai tashi, hannun mai ciwo ya ƙi ɗaukarsa.

"Kak ka motsa. In ka motsa, ban san inda za ta faɗa ba."

"Don Allah, ɗiyata... ƙaddara ce..."

"Kac ce iskoki na. Yau kuma ƙaddara?"

Ta bar audugar a wurin. Ba mai gani, ba kuma wanda zai tambaya, tsoho ne zai fita yana jan ƙafa a ce tsufa ne. Ta tsaya tana kallon cinyarsa na kyarma, ta ji daɗin kallon, ba ta yi sauri ba. Sannan ta raba ɗuwawun gida huɗu da ido, ta koma can sama ta gefen waje, ta goge da sabuwar auduga, ta soka, ta tura maganin a hankali.

Ya sauko da ƙyar, gumi ya jiƙa masa riga. Ya taka ƙafar, ya sake takawa, ya ɗaga yatsun yana kallonsu. Lafiya lau. Ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi, tana rubuta lokaci a kan katin.

"Kak ka roƙe ni komi, ba ƙafata ba ce. Ka dawo ƙarfe biyar."

"Ba wata nas?" ya tambaya.

"Akwai Christiana. Amma yanzu za ni roƙe ta ta bar min aikin satinga duka, safe da marece." Ta miƙa masa katin. "Saura tara."