Tasalla a Ƙofar Ɗakin Taro

Zazzaɓi ya rufe Tasalla bayan azahar, a ɗakin ajiyar fayil. Nan kamfani ya mayar da ita tun ranar da manaja ya ce teburin karɓar baƙi sai "mai jiki daidai". Shekara tara ta yi a teburin nan. Ta kifa kai bisa takardu, barci ya ɗauke ta.

Sai ga ta a wani dogon lungu na ofis, bango yana numfashi, duk taku ɗaya sai ya matso. Rigunan ma'aikata suna wucewa ba kowa a cikinsu, kowace tana cewa, "Hajiya, kin gwada shayin rage ƙibar nan kuwa?"

Wata tsohuwa ta fito daga cikin bango, tef ɗin awo yana motsi a wuyanta kamar mai rai.

"Iya, ina ɗakin taro? Yau kamfani ke zama kan shirin tafiya tare da kowa."

"Ga shi can, 'yata. Ni na auna ƙofar."

"Da jikin wa?"

"Da jikin wanda ya aiko ni."

Ƙofar ba ta fi tafin hannu faɗi ba. A gefenta wata kujera mai hannuwa ta durƙusa. "Ki yafe ni," ta ce. "Kullum ina matse ki, ba ki taɓa cewa uffan ba."

"Na daina ji," in ji Tasalla.

Ta kwance ƙugunta kamar zane, ta rataye a ƙusa. Ta sauke damatsa. Ta ajiye cikin da ya ɗauki 'ya'ya uku. Ba jini, ba zafi. Tsohuwa tana karɓa tana ninkewa. Da ya rage saura murya, Tasalla ta shige.

Ciki maƙil yake da mutane. Ta yi sallama. Manaja ya waiga, ya yi wa iska murmushi.

"Ga Tasalla ta shigo. Kun gani ko? Mu ba mu taɓa hana kowa ba."

Aka ɗau tafi. Ta nemi hannun da za ta ɗaga ta yi magana, babu.

Bugun ƙofa ya tashe ta, gumi ya jiƙa takardun. Larai ce, sakatariyar manaja.

"Anti Tasalla, ana hoton ma'aikata. Oga ya ce ki tsaya layin baya."

"Ce masa ga ni nan."

Larai ta fita. Tasalla ta ci gaba da zama, tana jin ana kiran sunaye a harabar kamfani.